Injin ya buga kafin in gama biyan kuɗin mota: shin cikon yana kaina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni direba ne a Jega. Na sayi Sharon ta hannu a wurin wani Alhaji kan naira miliyan 4 da rabi. Na ba da miliyan 2 da rabi, cikon kuma dubu 250 duk wata. Da zai sallama ya ce a gaban dillali, "Ka ganta a yadda take, ba mayarwa." Bayan kwana 10 ta fara zafi, nakan ƙara ruwa a lagireto in ci gaba da lodi. Ba a rufa wata ba injin ya buga a hanyar Yawuri. Da makaniki ya kwance, sai ya tarar bulok ɗin injin a tsage, an liƙe shi da gam an bi da fenti. Na ce ba zan ƙara biyan ko sisi ba, shi kuma Alhaji ya ce zai ɗauke motarsa, abin da na bayar ya tafi. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam direba. Allah ya mayar da alheri. Kai da Alhaji kowa ya wuce gona da iri a maganarsa, sai dai hujjarka ta fi tasa ƙarfi idan ka bi ta hanyar da ta dace.

Tun ranar da aka yi sallama ka karɓi makulli, mota ta zama taka, miliyan 2 kuma ta zama bashi a wuyanka. Lalacewar mota ita kaɗai ba ta sauke wannan bashi. Da kulochi ne ya ƙone, ko ringi ya ci saboda aiki, da sai in ce ka yi haƙuri ka gyara ka ci gaba da biya, domin duk mai sayen tsohuwar mota ya san da irin wannan ya saya. Shi ma Alhaji ba shi da ikon ya zo ya ja motar ya riƙe kuɗinka, tunda sayarwa ya yi. Idan yana neman cikonsa, kotu zai nufa. Idan kuma ya ce zai ɗaga maka ƙafa amma ka ƙara wani abu a kan bashin, wannan riba ce tsantsa, wato kuɗin ruwa, kada ka yarda.

Bulok da aka liƙe da gam aka rufe da fenti kuwa wata magana ce daban. A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'a na Kebbi ke aiki da shi, duk aibin da ke jikin kaya tun kafin ciniki, yana rage musu daraja, mai saye kuma bai gan shi ba, yana ba mai saye zaɓi: ya riƙe a haka, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Maganar nan ta "ba mayarwa" da ta zama waƙa a bakin masu sayar da mota ba ta soke wannan zaɓi. Risala, littafin fiƙihun Malikiyya na Ibn Abi Zaid, ta ambaci halaccin sayarwa bisa sharaɗin kuɓuta daga aibi ne a cinikin bayi, shi ma a kan aibin da mai sayarwa bai sani ba. Wanda ya san da tsaga ya yi gum, babu sharaɗin da zai wanke shi. Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, kamar yadda Muslim ya ruwaito.

Inda Alhaji zai kama ka shi ne kwanakin nan da ka yi kana ɗura ruwa kana lodi. Malamai sun ce wanda ya gano aibi sannan ya ci gaba da amfani da abin ta hanyar da ke cinye shi, kamar hawan dabba, ana ɗauka ya yarda, zaɓinsa ya faɗi. Ko shiru kawai ya yi na kamar yini ɗaya ba uzuri, sai ya rantse cewa shirun ba yarda ba ce, idan ya daɗe kuma shi ke nan. A ganina wannan bai kashe maka magana ba, domin zafin mota alama ce kawai. Fanka na jawo shi, lagireto da ya toshe na jawo shi, balle a zafin bazarar Kebbi. Tsagar ba ka san da ita ba sai ranar da aka kwance injin. To amma daga wannan rana lissafi ya fara. Kada ka sake tayar da motar, kada ka bari a taɓa bulok ɗin. Na sha ganin direba ya yi gaggawar sa injin Baljiyam, tsohon kuma ya sayar wa 'yan gwangwan, ranar shari'a sai ga shi ba abin nunawa sai baki.

Ka sani kuma, idan Alhaji ya musa cewa aibin tsoho ne, maganarsa ake bi sai ka kawo masana. Saboda haka ka nemi makanikai biyu amintattu, ba naka na kullum kaɗai ba, su duba a gaban wakilinsa. Mai sana'a na gane tsohon gam: ya bushe ya yi baƙi, bakin tsagar ya yi tsatsa, fentin kuma ya hau kansa. Tsagar da zafi ya yi jiya bakinta fes yake. A ɗauki hoto, a rubuta, su sa hannu.

Idan ta tabbata tsoho ne, sai a duba ko Alhaji ya sani, domin shi ma ƙila haka ya sayo ta. Idan ya sani ya ɓoye, kuma bugawar injin daga wannan tsaga ta taso, ka mayar masa da motar a yadda take, ya ba ka miliyan 2 da rabinka, cikon kuma ya faɗi. Idan bai sani ba, tunda sabuwar ɓarna ta auku a hannunka, zaɓi biyu ne a gabanka. Ko dai ka mayar ka biya abin da sabuwar ɓarnar ta rage, ko ka riƙe motar a rage maka kuɗin tsohon aibin.

Ragin nan da kaso ake lissafa shi, ba da kuɗin gyara ba, kuma nan ne mutane suka fi ruɗewa. Misali masana su ce a ranar ciniki motar lafiyayya ta kai miliyan 5, da tsagar kuma miliyan 4. Aibin ya ci kashi ɗaya cikin biyar ke nan. Sai a cire kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin da kuka yi ciniki, wato dubu 900. Cikonka ya dawo miliyan 1 da dubu 100. Kuɗin lodin da ka samu a waɗancan makonni naka ne ko da ka mayar da motar, domin da a ce ta ƙone ko an sace ta a lokacin, asarar a kanka za ta hau.

Game da biyan wata, kada ka tsayar da shi da bakinka kawai kana riƙe da mota, don sai a mayar da kai mai taurin bashi. Ka tafi da dillalin da wani dattijo na tashar ku, ka sanar da Alhaji a gabansu cewa ka tarar da aibi kuma ba ka yarda da shi ba. Dubu 250 na wannan wata ka ajiye a hannun wanda ku biyun kuka amince da shi har a warware. Idan sulhu ya ƙi, ka shigar da ƙara a kotun shari'a, ka tafi da makanikan da bulok ɗin kansa.

Duk wannan idan cinikin yanke ne kamar yadda ka bayyana. Idan akwai takarda da ta ce motar tana nan a matsayin ta Alhaji har sai ka gama biya, hukuncin ɗaukewa zai sauya, sai ka aiko mana da abin da aka rubuta a ciki kafin ka taka ko'ina. Wallahu a'alam.