Me ya sa ake tambayar mai ciwon ƙoda yadda yake barci?

Tambaya: Likita, mahaifina yana wankin ƙoda sau uku a mako. Kwanan nan aka ba shi takardar tambayoyi a kan barci da ƙaiƙayi da fita unguwa. Mene ne amfaninta, alhali ana auna jininsa?
Wata mai karatu daga Zariya

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Gwajin jini yana nuna yadda injin yake tace dauɗa, amma ba ya nuna cewa mutum ya kwana yana susa, ko ƙishirwa ta gallabe shi saboda an taƙaita masa ruwa, ko kasala ta hana shi zuwa masallaci. Ɗaya daga cikin takardun da aka fi amfani da su, KDQOL-36, tambayoyi 36 ce, 12 daga ciki a kan alamomin ciwon, kuma ana ba da maki daga 0 zuwa 100. Idan maki suka faɗi, likita yakan sake duba magunguna ko tsarin wankin. Ku bar shi ya amsa da bakinsa, amma ku roƙe shi ya faɗi gaskiya, domin dattawanmu sukan ce "da sauƙi" ko da jiki ya yi tsanani.