Amsa: Ko sauya lokaci kawai na iya kashe shiri?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko mayar da shirin talabijin wata rana ko wani lokaci zai iya kashe shi alhali yana da masu kallo. Ƙwarai kuwa.

Dubi Star Trek na farko, wasan kwaikwayo kan tafiya sararin samaniya, a tashar NBC ta Amurka. An fara shi a 1966 ranar Alhamis da daddare. Da aka ji ƙishin-ƙishin za a dakatar da shi, masoyansa suka yi ta aika wasiƙu har tashar ta amince da zango na uku. Sai ta ajiye shi ranar Juma'a ƙarfe 10 na dare, lokacin da matasan da suka fi son shi sun fita yawo, aka kuma rage kuɗin shirya shi. Masu kallo suka ragu, a 1969 aka rufe shi bayan kashi 79.

Abin da ke ci mini rai shi ne, tashar ce ta janyo raguwar, sannan ta kafa hujja da ita. Da ƙananan tashoshi suka riƙa maimaita shi a lokacin da mutane ke gida, farin jininsa ya wuce na da.