Ruwan da ke cin mutum ba a kansa yake sauka ba

Ka tambaye ni yadda za ka gane rafi zai ƙetaru ko ba zai ƙetaru ba, wai don baƙin da kake yi wa jagora sun ce ka cika tsoro. Kai yaro, baƙon da ya zo dajin Gashaka na jihar Taraba jiya ne zai koya maka ruwa?

Ka bar kallon sama. A dajin nan hadari yana zubarwa can kan duwatsun Gangirwal, wanda tsayinsa ya haura mita 2,400, kai kana ƙasa rana tana dukan ka, sai ruwan ya iso maka daga baya. Rafin za ka kalla. In ka ga ya fara ja, ga ganye da ƙirare suna wucewa, ko ka ji duwatsu suna gurnani a ƙarƙashi, ka zauna. Kafa tsinke a bakin ruwan, ku ci guzuri. In ya haɗiye tsinken, yau ba ƙetarawa.

Wannan maganar ƙetarar rafi ce ta ja mini asarar da har gobe tana ci mini rai. Wani Alhaji ne daga Abuja, shi da abokansa, a farkon damina. Tun a Serti, garin da ake tashi a shiga dajin, na ce masa lokaci ya wuce, tsakanin Disamba da Maris ake wannan yawon, ya ce ai ya biya mota. Muka bi hanyar Kwano, muka ratsa mu ga wata magangarar ruwa, suka yi hotunansu har suka gaji. Ina ta cewa mu juya tun da hantsi, shi yana ta gyara hula. Da muka dawo, rafin da muka taka iya idon sawu da safe ya kai cinya, ya koma kamar kunun kanwa. Na ce a jira. Ya ce da ni, gaban yarana, "Malam, kai ba don wannan na ɗauke ka ba?" Ya ɗora wa yaron gidansa jakar kyamara, ya tura shi, kuma ta matsattsen wuri, wai ya fi kusa. Taku uku ruwa ya kwashe ƙafarsa. Ni na faɗa na cafko shi ta wuyan riga, gwiwar nan da kake gani ina ja tun ranar ce. Jaka kuwa ta tafi.

Ka san abin da mutumin nan ya yi? Muna isa gari ya ce kuɗin kyamararsa ya ninka ladana sau goma, don haka ba ni da ko sisi, har 'yan dako. Yaron da na tsamo bai ko tambayi lafiyarsa ba. Ragon da nake kiwo don layya na kai kasuwa na sallami mutanena, don ni ba a taɓa cewa ɗan dako ya bi ni ya koma hannu rabbana ba. Shi ya sa yanzu rabin kuɗi a hannu kafin a ɗaura takalmi, kuma a gaban shaida nake faɗa: a bakin ruwa maganata ce ta ƙarshe.

Sauran kuwa ai ko ɗan goye ya sani. Inda rafi ya yi faɗi ake bi, fuska tana kallon inda ruwa ke fitowa, sanda a gaba. Kwance igiyar ƙugun jaka. Kada ka ƙetara a saman magangara, kada ka taka dutse mai gansakuka. Ku yaran yanzu sai ku tuɓe takalmi don kada ya jiƙe, waya a hannu ɗaya, kuna ɗaukar kanku hoto a tsakiyar ruwa.

Gobe bayan asuba ka same ni da sandarka, ta gora, ba wannan karan da na gan ka da shi ba.