Manhajar lissafi a waya za ta taimaki ɗalibar BEPC?

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata tana ajin 3e (shekara ta huɗu a sakandare) a nan Garwa, Kamaru, bana za ta rubuta BEPC, jarrabawar kammala zangon farko na sakandare, amma a lissafi ba ta wuce 7 cikin 20. An ce mini akwai manhajojin waya da ke gano inda yaro ya gaza, su bi da shi daidai ƙarfinsa. Gaskiya ne? Ta ina za mu fara? Daga wani mahaifi a Garwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Gaskiya ne, kuma za ta amfana in aka bi abin da tsari.

Irin wannan manhaja tambaya take ba yaro, ta duba amsarsa. In ya ci, ta ƙara masa mai wuya. In ya yi ta faɗuwa a abu ɗaya, ta tsayar da shi a kai ko ta mayar da shi darasin da ke ƙarƙashinsa. Amfaninta ke nan, domin yaron da ke samun 7 a 3e galibi matsalarsa ta samo asali ne tun baya. Ka ba ta 2x − 7 = 11. In ta rubuta 2x = 4 maimakon 2x = 18, alamomin tarawa da ɗebewa ne ba su zauna mata ba. In ta ce 1/2 + 1/3 ya zama 2/5, to ƙa'idar Thalès ta darasin siffofi ba za ta shiga kanta ba ko sau nawa aka maimaita, don ita kanta a kan irin wannan kaso aka gina ta. Malami mai cikakken aji ba shi da lokacin bin kowa baya haka.

Kada ka yi saurin biyan kuɗi. Khan Academy kyauta ce, kuma tana da sashen Faransanci. Shi za ku zaɓa, don kalmomin su zo daidai da na aji, kuma a Faransanci da waƙafi ake rubuta 2,5, a Turanci da ɗigo. Sai dai tsarin karatun Faransa da Beljiyam sashen ya bi, jerin babobinsa ba lallai ya dace da na Kamaru ba, don haka malaminta ne zai nuna babin da ya kamata ta bi. GeoGebra ma kyauta ce, tana taimakawa wajen ganin zanen siffofi, amma ba ta auna ƙarfin ɗalibi.

Ta buɗe asusu nata ita kaɗai. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai: in yayanta ya amsa mata, ko ƙanenta ya yi wasa a asusun, manhajar za ta yi mata gurguwar fahimta, ta tsallake da ita abin da ba ta iya ba. Haka ma cinke. Ta fara da gwajin ajin 5e (aji biyu ƙasa da nata), ba 3e ba, kuma ka lallashe ta ta san ba raini ba ne. Minti 30, kwana huɗu ko biyar a mako, ya fi amfani a kan awa uku a rana ɗaya. Bidiyo ne ke cinye data, a sauke shi tun da wuri inda ake da intanet mai kyau. Atisayen yana buƙatar intanet, amma kaɗan yake ci.

Babban haɗarin shi ne wannan: manhaja amsar ƙarshe kawai take dubawa, mai gyaran takardar BEPC kuwa yana ba da maki a kan matakan da aka bi da hujjar da aka rubuta. Saboda haka kowace tambaya ta fara warware ta a littafi, layi bayan layi, kafin ta taɓa waya. Manhajoji irin Photomath, masu ɗaukar hoton tambaya su fito da amsa, a bar su sai bayan ta gama nata, don dubawa kawai.

Ranar Asabar a ajiye waya. Ta ɗauki tsohuwar takardar BEPC, ta yi ta cikin lokacin da aka rubuta a kanta, ta kai wa malaminta ya gyara. Bayan mako shida ka kwatanta makinta na aji da na farko. In manhaja na nuna ci gaba amma makin takarda bai motsa ba, ka buɗe littafinta ka ga ko tana rubuta matakan.