Tambaya da Amsa: Tsohuwar Windows da Masu Facin Filashi

Ina da shagon buga takardu a wani ƙauye kusa da Ringim. Kwamfutata Windows 7 ce. Wani mai gyara ya ce in biya shi ya saka min sabon facin tsaro, wato gyaran da ke toshe ɓarakar Windows, daga filashinsa. In yarda?

Kul, ɗan'uwa. Microsoft ta daina fitar wa jama'a facin Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, manyan kamfanonin da suka biya kuɗin ƙarin wa'adi ma an rufe musu ƙofa a Janairun 2023. To shi mai gyaran naka daga ina ya samo nasa? In ka yi sa'a, tsohon faci ne zai sayar maka da sunan sabo. In ba ka yi sa'a ba, manhajar sata ce da aka cusa wa ƙwayar cuta.

Wannan hali namu yana damuna. Mutum zai yi rabin sa'a yana ciniki a kan kwanon gero ran kasuwa, amma ya miƙa kwamfutar da ke ɗauke da hotunan ɗalibai da lambobin NIN na mutanen gari ga wanda bai san ko gidansu ba. Filashin nan kuwa ta shiga kwamfutoci nawa kafin taka? A watan Mayun 2017 cutar WannaCry ta kulle kwamfutocin asibitoci a Ingila, alhali facin da zai tare ta ya fito tun Maris, sakaci ne ya hana a saka. Su suna da faci suka yi wasa da shi, kai naka ma babu.

Cire kwamfutar daga intanet, ka bar ta a aikin bugu da firinta kawai. Duba sakamakon jarrabawa da harkar banki ka yi a wayarka, don Chrome ma ya daina sabuntawa a Windows 7 tun farkon 2023. In dole sai ta hau intanet, a saka mata Linux Mint, manhajar da ke maye gurbin Windows, kyauta ce, amma ka fara tabbatarwa firintarka za ta yi aiki da ita.

Malamar firamare ce ni a wajen Bichi. Da adashe na sayi kwamfutar gwanjo, yanzu tana nuna min Windows 10 ta ƙare. Shi ke nan kuɗina sun tafi?

Kwantar da hankalinki, Malama, ba za ta mutu ba. Tallafin da Microsoft ke ba Windows 10 ne ya tsaya a 14 ga Oktoban 2025, amma akwai shirin ƙarin facin tsaro har zuwa Oktoban 2026, ana shiga ne da asusun Microsoft. Ki sa a duba ko za ta ɗauki Windows 11, wadda ke buƙatar TPM 2.0, wani sashen tsaro da ke cikin na'urar. Kafin komai, kwafe takardunki a wani wuri.

In na saka maganin cutar kwamfuta iri biyu, ai ba na buƙatar faci ko?

Haba malam. Nauyi kawai za ka ƙara wa tsohuwar na'ura, kuma ba ɗayansu da ke toshe ɓarakar Windows ɗin kanta. Cire ɗaya.