Amsa ga mahaifin yaron da ya ƙone a hannu

Assalamu alaikum. Malam, ka ce man suya ya ƙona hannun ɗanka a nan Garwa ta ƙasar Kamaru watanni biyar da suka wuce, yanzu yatsunsa sun lanƙwashe sun manne da tafin hannu, kuma ana ba ka shawarar ka sayar da gona ka kai shi ƙasar waje a yi masa tiyatar haɗa jijiyoyi. Allah ya ba shi lafiya. Na daɗe ina jinyar masu ƙuna, kuma roƙona shi ne kada ka taɓa gonar sai likitan tiyata ya duba hannun da idonsa.

Yawancin irin wannan tabo ana warware shi ne ta hanyar yanka shi a miƙe yatsun, sannan a yi dashen fata da aka ɗebo daga cinya ko inda cinya ta haɗu da mara. Waccan babbar tiyatar ta haɗa jijiyoyi akan buƙace ta ne idan wuta ta ci nama har ƙashi ko jijiya suka fito fili, domin fata zalla ba ta kamawa a kansu. A nan ne ake yanko tsoka ko fata tare da hanyoyin jininta, a ɗinke su da na hannun a ƙarƙashin madubin ƙara girma, da zaren da bai kai kaurin gashin kai ba. Hanyoyin jinin ba su wuce milimita 1 zuwa 3 ba, aikin yakan ci awa shida ko fiye, kuma kwana biyu zuwa uku na farko ana duba naman kusan kowace awa, saboda idan jini ya daskare a ciki dole a koma ɗakin tiyata nan take.

Tabo yakan ɗauki wata 12 zuwa 18 kafin ya nuna, wato ya daina canzawa, amma hannun yaro ba ya jiran haka, tunda ƙashi yana girma tabo yana riƙe shi. Don haka ka nemi takardar tura shi Yawunde ko Duwala tun yanzu.

Abin da ya fi damuna shi ne bayan aikin. Na ga yarinyar da aka miƙe wa yatsu sumul, amma da ta riƙa kuka da dare sai kakarta ta cire mata katakon da ke riƙe su, kafin damina ta ƙare sun sake naɗewa. Ka tambayi likitan wanda zai riƙa motsa masa yatsun a Garwa, da tsawon watannin da zai yi yana kwana da katakon, kafin ku sa ranar aiki.