Amsar Baffa Kan Makokin Ɗan Sandanmu

Ɗana, ya haƙurinmu? Allah ya jiƙan mijin yayarka, ya sa ƙarshen wahalarsa ke nan, mu kuma ya kyautata namu zuwan.

Saƙonka ya iso, kuma na ga zafin da ke cikinsa. Ka ce tunda 'yan bindiga ne suka harbe shi yana bakin aiki, don me aka yi masa wanka da salla kamar kowa, ashe ba shahidi ba ne? Ka ce kuma ka ji labarin abokan aikinsa sun so a jira manya su zo daga hedikwata a yi masa fareti, muka ƙi, kana ganin mun rage masa daraja. Sannan ga zancen riguna masu hotonsa da ku samari kuke shirin bugawa. Tunda karatu ya hana ka samun jana'iza, kana da haƙƙin a yi maka bayani.

Maganar wanka, abin da muka karanta a Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, shi ne shahidin fagen fama ba a yi masa wanka ba a yi masa salla, da tufafinsa ake binne shi, kamar yadda aka yi wa shahidan Uhudu. Amma wanda 'yan fashi suka kashe, malamanmu na Malikiyya sun ce a wanke shi a sallace shi, kuma wannan bai taɓa ladarsa ba ko kaɗan. Sayyadina Umar soke shi aka yi yana limanci, an yi masa wanka an yi masa salla, wa zai ce darajarsa ta ragu? Ni na tsaya a wurin wankan nan tare da liman. Inda harsashi ya shiga a ƙirji muka toshe da auduga, muka riƙa zuba ruwa a hankali ba tare da cuɗawa ba, kuma abin da idona ya gani ban faɗa wa yayarka ba, ba zan faɗa wa kowa ba, don amana ce ta mai wanka. Game da kiransa shahidi kuwa, muna kyautata masa zato matuƙa. Ya zo a hadisi cewa ido biyu wuta ba ta taɓa su, idon da ya yi kuka don tsoron Allah da idon da ya kwana yana gadi saboda Allah. Yaron nan ya sha kwana a kan hanyar Tsafe don matafiya su wuce lafiya. Sai dai ladabin da aka koya mana shi ne mu ce Allah ya karɓi shahadarsa, kada mu yanke hukunci a kan abin da Allah kaɗai ya sani.

Fareti ba mu ƙi shi don raini ba. Jiran muka ƙi. An ce manyan ba za su iso ba sai washegari da hantsi, ga zafin Gusau, ga gawa da rauni a jikinta, ga uwarsa tana zaune tana jira a kai ɗanta makwancinsa. Sunna ita ce a gaggauta. Na ce wa sufeton da ya kawo shi, duk wata girmamawa da ba za ta jinkirta salla ba, kuma ba za ta taɓa likkafani ba, ƙofa a buɗe take. Ya fahimta. Suka jeru a ƙofar gida suka sara masa lokacin da aka fito da makara, sannan Musulmin cikinsu suka shiga sahu, Kiristocin suka tsaya gefe cikin natsuwa har aka sallame. Wani saje, mutumin kudu, ya roƙi a bar shi ya kama makara, aka bar shi, ya kama yana hawaye har maƙabarta. Wallahi wannan ya fi mini harba bindiga sama. Idan rundunar tana son tuna shi da nata tsarin, ai gwamnati ta ware 7 ga Afrilu ranar 'yan sanda ta ƙasa, su kira sunansa a can, za mu ji daɗi.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, amma na san ya kai kunnenka. Wasu a unguwa sun ja ƙafa wajen zuwa gaisuwa, wai ɗan sanda ne. Wannan tsohon tabo ne. Tun zamanin 'yan doka na En'e, kafin a haɗe su da 'yan sandan tarayya a ƙarshen shekarun 1960, talaka yake ganin mai kaki sai gabansa ya faɗi, kuma ba zan ce maka duk ƙorafin mutane ƙarya ne ba. Amma an hana mu zagin matattu, sun riga sun tarar da abin da suka gabatar. Kuma a ƙasar nan tamu, inda mutumin Zurmi da Maru da Ɗansadau yake kwana da ido ɗaya, manomi yake biyan kuɗi kafin ya shiga gonarsa, wanda ya tsaya tsakaninmu da 'yan bindiga har ya rasa ransa ba a tambayar ko ya cancanci ta'aziyya. Kada ka yi faɗa da kowa a kan wannan. Ka gaishe su kamar yadda ka saba.

Zaman makoki kwana uku muka yi muka tashi. Abin da na tsaya a kai shi ne kada a ɗora tukunya a gidan mamaci don baƙi. Lokacin da aka kashe Ja'afar a yaƙin Mu'uta, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi a dafa wa iyalan Ja'afar abinci, don abin da ya same su ya shagaltar da su. To haka maƙwabta suka yi, tuwo da fura daga gidaje suke shigowa. Sadakar uku da bakwai da arba'in, ka san gidanmu kansa ya rabu biyu: gwaggonka ba za ta iya barin gumba da masa ba, yayyenka kuwa sun ce bidi'a ce. Ni nawa, addu'a ga mamaci ba ta da rana, kuma ba zan bari a taɓa ko sisi na marayu a yi taro da shi ba. Mai son yin sadaka ya ciro daga aljihunsa.

Yanzu ga inda nake son ka buɗe kunne, don a nan ne girmamawar take da nauyi. Yayarka ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, ba ado ba turare, ba kwana a wani gida. Ɗakin bariki suke zaune, kuma ɗakin gwamnati ba gado ba ne, wata rana za a buƙace shi. Na roƙi shugabansu a bar ta ta gama takabarta a can, in kuma ya gagara, lalura ta halatta ta dawo gida. Da aka kawo jakarsa, ita ta buɗe a gabana: kaki biyu, takalmi da jar ƙasa a jikinsa, carbi, da ɗan littafi da yake rubuta bashi. Akwai na mai shagon bakin bariki, akwai ragowar kuɗin makarantar babbar 'yarsa. Hadisi ya tabbata cewa ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi. Saboda haka littafin nan shi muka fara bi, tun kafin a yi zancen gado.

Sai haƙƙoƙinsa na aiki. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta inshorar rai ga ma'aikaci, wadda ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba, ban da abin da ya taru a asusun fanshonsa. Amma kuɗin nan ba sa zuwa da ƙafarsu. Ana neman takardar shaidar mutuwa, da takardar ɗaukarsa aiki, da izinin kotu na kula da dukiyar mamaci, kuma sai an yi ta zirga-zirga. Mace mai takaba ba za ta iya ba, ni kuma gwiwa ta fara ƙi. Kai ne mai boko a cikinmu. Ka kuma sani, sunan ƙanensa da ya rubuta a takardar aiki tun yana kurtu bai mai da kuɗin na ƙanen ba, wakili ne kawai. In sun fito, gaban alƙali za a kai a raba: matarsa tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, uwarsa sudusi, wato kashi ɗaya cikin shida, sauran na 'ya'ya tunda akwai namiji a cikinsu. Gidaje da yawa sun watse a kan wannan gaɓar, ba na son namu ya shiga ciki.

Riguna masu hoto, ban goyi baya ba. Ba tarbiyyarmu ba ce, kuma yayarka za ta riƙa cin karo da fuskar mijinta a ƙirjin yara a kasuwa. Hoton gawarsa da na ji yana yawo a WhatsApp, duk wanda ka sani yana da shi ka roƙe shi ya goge, 'ya'yansa za su girma su gani. Kuɗin da kuka tara na rigunan, ku biya wa yarinyar nan kuɗin zangon da ke tafe, in da ragowa ku sayi buhun gero ku kai bariki.

In kun sami hutu ka biyo ta gida tukuna, in ba ka takardun da na tattara a jaka ɗaya, mu je ka yi wa yayarka da uwar marigayi gaisuwa, washegari mu fara da kotu. Gwaggonka tana gaishe ka.